Babi na Bakwai: Loma Uku a Tsakiyar Faranti

Duk mai duba waya ya taɓa cin karo da irin hoton nan. Farin faranti mai faɗin faifai, a tsakiyarsa wani ɗan abu da bai fi ƙwan zabo girma ba, an ɗiga masa koriyar miya wuri uku, an ɗora ɗan fure a kai. A ƙasa kuma an rubuta kuɗin da aka biya, wanda zai sayi buhunan shinkafa har a ba ka canji. Ranar da na nuna wa mahaifiyata irin wannan hoto, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, ai wannan ɗanɗanon gishiri ne. Ina abincin?"

Tambayarta tana bisa hanya. A wurinmu da yawan abinci ake auna karamci. Baƙo ya ci ya ƙoshi ya bar saura, shi ne uwar gida za ta samu natsuwa. In kwano ya dawo a suɗe, sai ta shiga tunanin ko bai isa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma kimar da ido ya gani a wancan faranti ba ta kai ta yaye ba. To me ke sa mutum mai hankali ya kama wuri tun wata biyu kafin ranar, ya biya dala ko fam 300, wani lokaci fiye, don a kawo masa wannan?

Abin da hoton ya ɓoye shi ne farantin ba shi kaɗai ba ne. Ɗaya ne cikin 10, ko 15, ko 20 da za su zo bi da bi cikin awa uku ko huɗu. Faransawa suna kiran tsarin menu dégustation, mu kuma a wannan babi za mu ce masa jerin ɗanɗano. Ashe kalmar da mahaifiyata ta kama ita ce ainihin sunan abin.

Daga cika tebur zuwa bi da bi

Har farkon ƙarni na 19, manyan Faransa irin cin bikinmu suke yi: a jera kwanoni birjik a kan tebur lokaci guda, kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya kai. Yana da kyau a ido, sai dai kafin ka kai ga kwano na biyar ya huce. Jakadan Rasha a birnin Faris, Alexander Kurakin, shi ake dangantawa da kawo ɗaya salon wajen 1810, inda ake zuba wa kowa nasa a fito da abinci kashi-kashi, kowanne da zafinsa. An ɗauki shekaru da dama kafin salon ya zauna, amma da ya zauna sai ya sauya wani abu babba. Tsarin abin da za a fara ci da abin da zai biyo baya ya bar hannun mai ci, ya koma hannun mai dafawa.

Mataki na biyu ya zo wajen 1973, lokacin da wasu 'yan jarida biyu, Henri Gault da Christian Millau, suka tallata abin da suka kira sabon girki: a rage nauyin miya, a daina dafa kifi da ganye har su mutu, a dafa abin da aka samo a kasuwa ranar. Manyan kukun wannan tafiya, irin su Paul Bocuse na Liyon da Pierre Troisgros na garin Roanne, sun zauna ko sun yi ziyara a Japan, kuma a can akwai tsohon tsari mai suna kaiseki, wanda ya tsiro daga al'adar shan shayi tun ƙarni na 16. Ƙananan kwanoni ne masu bin juna, kowanne yana nuna abin da ƙasa ko teku suka bayar a wannan lokaci na shekara. Japanawa suna da wata kalma kuma da mai ci ke faɗa wa mai dafawa, omakase, ma'anarta "na bar maka zaɓi". A ganina wannan kalma ita ce zuciyar al'amarin gaba ɗaya. Ka zauna ba tare da ka ce ga abin da kake so ba, ka miƙa wa wani amanar bakinka da cikinka na dare guda.

Me ya sa loma uku?

Ka tuna ranar Babbar Sallah. Tsokar farko ta soyayyen naman layya da ta shiga bakinka, da ɗuminta da ɗan yajinta, babu kamarta. Ta biyar ma da daɗi. Ta goma sha biyar kuwa tauna kawai kake yi. Naman bai canza ba, bakinka ne ya gaji da shi. Amma a daidai wannan lokaci da kake cewa ba sauran wuri, in aka miƙo maka fura mai sanyi ko yankan kankana, sai ka ga wuri ya samu.

Masana sun bi diddigin wannan. A 1981 Barbara Rolls da abokan aikinta a Jami'ar Oxford suka nuna cewa daɗin abincin da mutum ke ci yana raguwa tun yana cikin ci, alhali sha'awarsa ga wani abincin daban tana nan daram. Wato ƙoshi iri biyu ne. Akwai na ciki, akwai na harshe, kuma na harshe yana riga zuwa.

A kan wannan aka gina jerin ɗanɗano. Thomas Keller, wanda ya karɓi gidan abinci na The French Laundry a ƙauyen Yountville na jihar Kalifoniya a 1994, ya sha bayyana cewa burinsa ya ɗauke maka faranti kana marmarin ƙarin loma guda. Yana da wata ƙa'ida mai wuya kuma: kayan haɗin da ya fito a faranti ɗaya ba zai sake fitowa a wani ba cikin jerin dare guda. In an ba ka tumatir a na biyu, kun rabu da tumatir sai wani zuwan. Duk mai girki ya san nauyin wannan sharaɗi, don yawancinmu albasa da tumatir da tattasai ne ke bin kowace tukunya.

Jerin ma ba a yinsa kara zube. Ana farawa da mai sauƙi, mai sanyi ko ɗan tsami, wanda zai tada harshe. Sai kayan lambu, sai kifi, sai a gangaro ga nama da miya mai nauyi, sai wani ɗan abu mai wanke baki, sai zaƙi a ƙarshe. Wanda ya taɓa buɗa-baki a gidan da ake kula ya san wannan hikima ko bai taɓa jin sunan Faransa ba. Dabino da ruwa tukuna, sai kunun tsamiya da ƙosai, a tashi a yi salla ciki ya sarara, sannan a zo ga tuwo ko shinkafa, a rufe da 'ya'yan itace. Ba wanda ke fara buɗa-baki da malmalar tuwo, don kowa ya san abin da zai biyo baya. Haka shayin Buzaye: kofi uku daga ganye ɗaya, na farko da ɗaci da ƙarfi, na ƙarshe da zaƙi da laushi, kuma ba a juya su.

Game da ƙoshi kuwa, loma uku sau goma sha biyar loma arba'in da biyar ke nan, ga burodi da man shanu a gefe. Mafi yawan masu zuwa da ƙyar suke gama na ƙarshe.

Dare ɗaya, kujera 24

Na taɓa cin irin wannan abinci a wani ɗan gida a Landan, mai kujera 24. Kwana uku kafin ranar suka aiko da saƙo suna tambayar abin da ba na ci. Na rubuta musu: naman alade da duk abin da aka samo daga gare shi, giya ko da a cikin miya ce, sannan nama in ba yankan Musulunci ba ne. Suka amsa cewa za su shirya mini jerin kifi da kayan lambu. Wannan tambaya ba ladabi ba ce kawai. Tunda babu zaɓi a daren, dole a san matsalar kowa tun kafin a je kasuwa.

Babu bango tsakanin kicin da wurin zama. Ina kallon mutum takwas suna aiki, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin hayaniya. Babban kuku ya faɗi lambar tebur, sauran su amsa da murya ɗaya, shi ke nan. Wata matashiya na tsaye da hantsaki a hannu tana ɗora ƙananan ganye a kan faranti shida, ɗaya bayan ɗaya, in ganye ya karkace ta cire ta sa wani. Kafin faranti ya fita, sai an goge bakinsa da ɗan tsumma.

Faranti na shida ne ya tsaya mini a rai. Yankan farin kifi ne kamar faɗin yatsu uku. Fatar ta soyu har tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin cokali, tsokar kuwa tana rabuwa sala-sala, cikinta da ɗan sheƙi, alamar an sauke ta daidai lokacin da ta nuna, ba a ƙara ko minti ɗaya ba. A gabana aka zuba romon daga ɗan buta. Da na kurɓa sai na ji wani ɗanɗano mai zurfi da na sani tun ina yaro, irin wanda daddawa ke ba miyar kuka. Da na tambaya, aka ce ƙashin kifin ne aka gasa aka dafa da busasshiyar ciyawar teku. Ba abin mamaki ba ne: sinadarin da wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a ciyawar teku a 1908, wanda ya kira ɗanɗanonsa umami, shi ne dai ke fitowa idan kalwa ta kwana uku a rufe ta zama daddawa. Loma uku na yi kifin ya ƙare, kuma har yau ina iya tuna kowacce.

Ba komai ne ya yi mini daidai ba. Mai kawo abincin yakan tsaya ya yi bayanin kowane faranti, daga wace gona, wane manomi, an tsima shi wata nawa. Sau biyu bayanin ya yi tsawo har abin da aka dafa don a ci da zafi ya huce a gabana. Wannan kuskure ne na gaske, don dalilin ƙirƙiro tsarin tun farko shi ne abinci ya iso da zafinsa. Sannan zaman ya kai awa uku da rabi. Wanda zai je sai ya lissafa lokacin sallarsa, musamman da bazarar Turai, inda magariba a Landan ke wuce ƙarfe 9 na dare a watan Yuni.

Kofin da ke gefen faranti

A irin waɗannan gidaje, bayan ka zauna za a tambaye ka ko kana son a haɗa maka da abin sha. Abin da aka saba shi ne giyar inabi: kowane faranti ko biyu da irin tasa, ana zuba kamar rabin kofi. Akwai ma'aikaci na musamman da wannan ne aikinsa, Faransawa suna ce masa sommelier. Shi ke sayo kwalabe, ya adana su, ya zauna da babban kuku su ɗanɗana su ga wacce ta dace da wane faranti. Rabin kofi sau takwas ya kusa kwalba guda mai mililita 750, kuma kuɗin yakan kai rabin na abincin ko ya fi.

Ni ba na sha, kuma na san mafi yawan masu karanta wannan littafi haka suke. Amma ilimin da ke ƙarƙashin haɗin bai tsaya ga giya ba, ya shafi yadda harshe ke aiki, kuma mun daɗe muna amfani da shi.

Ɗauki bauri. In ka tauna goro, ko ka sha shayin da ya daɗe a wuta, za ka ji bakinka ya bushe yana kamewa. Sinadarin tanin ke jawo haka, yana kama furotin ɗin da ke cikin yawu sai santsin baki ya tafi. Shi ne dai sinadarin da ke cikin 'ya'yan bagaruwa, wanda majeman Kano ke jeme fata da shi. Jar giyar inabi tana samun nata daga bawo da ƙwallon inabin. Shi ya sa Turawa ke haɗa ta da jan nama mai kitse: maiƙon yana tausasa baurin, baurin kuma yana share maiƙon daga baki, sai loma ta gaba ta zo kamar ta farko. Wanda ya taɓa bin balangu mai kitse da baƙin shayi mai ƙarfi ya riga ya san wannan a bakinsa.

Tsami ma haka. Muna matsa lemun tsami a kan gasasshen kifi, muna shan kunun tsamiya da ƙosai mai mai. Su kuma suna haɗa kifi da farar giya mai tsami-tsami daga wurare masu sanyi kamar yankin Chablis na Faransa. Zaƙi yana kwantar da zafin barkono, shi ya sa ake zaɓar mai ɗan zaƙi, irin Riesling ta Jamus, idan abincin na da yaji, alhali barasa mai ƙarfi ƙara rura zafin take yi. Nono ya fi su duka wajen kashe yaji, don furotin ɗinsa yana kwashe sinadarin barkonon daga harshe. Akwai kuma dokar da ta ce abin sha ya fi kayan zaƙin da ke gefensa zaƙi, in ba haka ba zai koma lami ko tsami. Yaro ma ya san haka in ya sha lemun zaƙi bayan ya tsotsi alewa.

Tunda ƙa'idojin na harshe ne, ana iya cika su ba tare da barasa ba. Gidan Noma na birnin Kofanhegan, wanda René Redzepi da Claus Meyer suka buɗe a 2003, yana cikin waɗanda suka ɗaukaka jerin ruwan 'ya'yan itace da ganyaye ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da na giya. Yau manyan gidaje da yawa suna da irin wannan jeri. A daren da na ba da labari, an haɗa mini kifin da ruwan koren tuffa da wani ganye mai ƙamshi, kayan lambun da aka gasa kuma da shayi mai ƙamshin hayaƙi, an sanyaya shi. Ina sha ina tunanin zoɓo, wanda ke da tsami da launi da ɗan bauri duk a kofi ɗaya, da tsamiya, da citta da kanumfari, da ruwan goruba, da garin 'ya'yan kuka. Duk wani masanin abin sha da ya samu waɗannan a hannunsa ya samu jari.

Sai dai Musulmi ya buɗe ido a wurare uku. Na farko, wasu abubuwan sha da ake tsimawa, kamar kombuca, suna ɗauke da ɗan burbushin barasa, haka ma giyar da aka ce an cire mata barasa takan rage har rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Na biyu, maganar da ake yi cewa wuta na kore giyar da aka zuba a miya ba ta cika ba. Wani bincike da aka yi wa Ma'aikatar Noma ta Amurka ya nuna cewa in an kunna wa abinci wuta a kasko, kusan kashi 75 cikin ɗari na barasar na nan. Bayan minti 15 na dahuwa saura kashi 40. Ko bayan awa biyu da rabi akwai kashi 5. Girkin Faransa na yawan sa giya a miya, na Japan kuma yana sa mirin da sake, dukansu daga shinkafa. Na uku, sinadarin jelatin da ke daskarar da kayan zaƙi sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Ka faɗi waɗannan dalla-dalla tun lokacin kama wuri. Gidan kirki zai gaya maka gaskiya ko da gaskiyar ita ce ba za su iya ba.

Ina kuɗin ke tafiya?

Mutum zai zaci masu irin waɗannan gidaje suna kwasar riba da shebur. Labarin elBulli ya isa amsa. Gida ne a wani lungun bakin teku kusa da garin Roses a ƙasar Sifen, ƙarƙashin Ferran Adrià. Kujerunsa kamar 50, masu girki fiye da 40, kusan kuku guda ga kowane baƙo. Wata shida kawai yake buɗewa a shekara, sauran watannin a tafi gwaje-gwajen sababbin girke-girke. Mutum 8,000 yake iya ɗauka a shekara, masu nema kuwa sun kai miliyan 2. Kowane baƙo yana cin faranti 30 ko fiye, ciki har da shahararren zaitun ɗin nan da ba zaitun ba ne, ruwansa ne aka naɗe cikin siririyar fata, yana fashewa da ya taɓa harshe. Duk da wannan rububi, gidan abincin kansa asara yake yi, littattafai da laccoci da aikin ba da shawara ne ke riƙe shi. An rufe shi ranar 30 ga Yulin 2011.

Hannu ne ke cin kuɗin. Romon da na kurɓa cikin daƙiƙa goma wani ya tsaya a kansa tun safe. Ga hayar wuri a tsakiyar birni, ga faranti da kofuna da ke fashewa, ga kayan da ake saye mafi kyau a yi amfani da tsakiyarsu kawai. Ƙanƙantar gidan ma tana da nata haɗari. In mutum huɗu suka kama tebur ba su zo ba a gida mai kujera 24, kashi ɗaya cikin shida na cinikin daren ya tafi, kuma an riga an yanka kifinsu. Shi ya sa Nick Kokonas, abokin kasuwancin kuku Grant Achatz a Shikago, ya fara sayar da wurin zama kamar tikitin jirgi a 2011, ka biya tun kafin ka zo. Yanzu gidaje da yawa sun bi sahu. Jeri guda ga kowa shi ma yana taimakon ƙaramin gida, don mai sayayya ya san adadin abin da zai sayo, ba a asarar kaya a firji ana jiran wanda zai nema.

Akwai wani ɓangare da ba na so mai karatu ya tsallake. Shekara da shekaru, manyan gidaje da dama sun dogara da matasa masu koyon aiki waɗanda ba a biyansu ko sisi, suna tsayuwa awa 14 ko fiye suna tsinke ganye. Noma, wanda aka zaɓa gidan abinci mafi kyau a duniya har sau biyar tsakanin 2010 da 2021, sai a watan Oktoban 2022 ya fara biyan irin waɗannan matasa, abin da ya ƙara masa aƙalla dala 50,000 a wata. A Janairun 2023 Redzepi ya fito ya ce tsarin ba zai ɗore ba. Tun da na san wannan, in na ga ganye ashirin a jere a faranti, sai na tuna matashiyar nan mai hantsaki, in yi fatan haƙƙinta na isa hannunta.

A saman duk wannan akwai taurarin Michelin. Michelin kamfanin taya ne na Faransa, wanda 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, suka fara raba ɗan littafin jagora kyauta a 1900 don direbobi su yi ta tafiya tayoyi su cinye. A 1926 aka fara ba gidajen abinci tauraro, a 1931 aka kai su uku. Masu binciken suna zuwa a ɓoye, su ci su biya kamar kowa. Tauraro guda na iya cika gida da baƙi na watanni, tsoron rasa shi kuma na hana barci. A 2017 Sébastien Bras, mai taurari uku a garin Laguiole, ya roƙi a cire shi daga littafin don ya samu ya yi girki da kwanciyar hankali.

Ci shiru

A watan Fabrairun 2024, Michelin ta ba wani ɗan gida a unguwar Fitzrovia ta Landan tauraro. Mai gidan, Adejoké Bakare, a Kaduna ta tashi, kuma ita ce baƙar mace ta farko da ta samu wannan daraja a Birtaniya. Ba ta yi makarantar girki ba. Ta ci wata gasa a 2019, ta buɗe ɗan shago a kasuwar Brixton a 2020, ta koma sabon wuri a 2023. Sunan gidan Chishuru, daga Hausa ta ɗauko shi: ci shiru, wato shirun da ke sauka a kan mutane idan abinci ya yi daɗi. Mu da muka san santi, mun san akwai daɗin da ke sa mutum surutu, akwai kuma wanda ya wuce nan, mai ɗaure baki.

Jeri guda take yi wa kowa, kuma a cikin abin da ta riƙa fitarwa akwai sinasir, akwai alala, akwai nama da yaji irin na masu tsire. A daren da ta samu tauraronta, gidan Akoko na Aji Akokomi, mai girkin Afirka ta Yamma a unguwa ɗaya da ita, shi ma ya samu nasa. Kafin su akwai Ikoyi, wanda Iré Hassan-Odukale da Jeremy Chan suka buɗe a 2017 da sunan unguwar nan ta Legas, ya samu tauraro na biyu a 2022, yana wasa da kayan yajin yankinmu ta hanyarsa ta daban.

Sinasir ɗin da ake ci a Fitzrovia da wanda ake soyawa a tsakar gida a Kano ko Maiduguri tushensu ɗaya: shinkafa a jiƙa, a niƙa, ƙullu ya kwana ya tashi, a zuba a kasko a rufe, ƙasa ta soyu sama ta yi ƙofofi. Abin da jerin ɗanɗano ya ƙara masa shi ne an ajiye shi shi kaɗai a gaban mutum, babu hira da waya, babu wasu kwanoni biyar da ke jan ido, aka ce masa ga wannan, saurare shi. Baƙon da bai taɓa jin sunan sinasir ba sai ya lura da ɗan tsamin ƙullun, da bambancin gefen da ya soyu da tsakiyar mai laushi, abubuwan da mu muka saba haɗiyewa ba mu tsaya ba. Da na koma gida na gaya wa mahaifiyata cewa ana ba sinasir tauraro a Ingila, abin da ta fara tambaya shi ne ko suna barin ƙullun ya kwana.

Tambayar tata ta kai mu bakin ƙofar da ba mu shiga ba tukuna. Duk abin da muka gani a nan daga kan kujera muka gan shi, bayan an gama aiki an goge bakin faranti. A babi na gaba za mu zaga ta baya da ƙarfe 9 na safe, lokacin da motar kifi ke sauke kaya, mu ga yadda Auguste Escoffier ya tsara kicin kamar rundunar soja tun yana otal ɗin Savoy a 1890, wa ke riƙe da miya, wa ke gaban wuta, da kuma abin da sabon yaro ke yi a shekararsa ta farko kafin a yarda ya taɓa kasko.